Tambaya a kan Pran: rashin sa'a ne ya hana shi zama jarumi, ko shi ne bai so ba?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka riski zamanin da ake bin layi a ƙofar silima domin yankar tikiti. Tambayata a kan wani ɗan wasan Indiya ce mai suna Pran, wanda na san fuskarsa tun ina yaro amma ban taɓa neman sanin tarihinsa ba sai a 'yan kwanakin nan.

Abin da ya jawo tambayar shi ne na kalli Zanjeer na 1973, inda ya fito a Sher Khan, wani ɗan ƙabilar Pathan mai jan gashi da jan gemu, mai gidajen caca, wanda daga baya ya tuba ya zama aminin ɗan sandan da Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa. Bayan nan sai na ci karo da Ram Aur Shyam na 1967, na ga wani azzalumi riƙe da bulala yana yi wa ƙanin matarsa dukan kawo wuƙa saboda ya cinye masa dukiya, kuma sai da na koma na duba jerin sunayen 'yan wasa kafin zuciyata ta yarda cewa mutum ɗaya ne, domin murya da tafiya da yadda yake kallon mutane duk sun sha bamban.

To, idan har Allah ya hore wa mutum irin wannan baiwa, me ya hana shi zama jarumi kamar su Dilip Kumar da Dev Anand da ya yi zamani da su? Shin masu shirya fim ne suka danne shi, ko kyan fuska ne aka ga bai kai ba, ko kuwa shi ne da kansa ya zaɓi ya tsaya a gefe? Sannan na lura cewa dattawan unguwarmu ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai bos, alhali a fim ɗin da na fara gani ba mugu ba ne. Ina roƙon duk wanda ya san rayuwarsa da aikinsa ya warware mini, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Kallo, Fagge:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri idan amsar ta yi tsawo. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne Pran ya taɓa zama jarumi, kuma ya zama tun kafin duniya ta san Dev Anand.

Cikakken sunansa Pran Krishan Sikand, an haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1920 a unguwar Ballimaran ta tsohon birnin Delhi. Mahaifinsa injiniya ne kuma ɗan kwangilar gwamnati, mai rufin asiri, saboda haka yaron ya yi karatu a garuruwa daban-daban gwargwadon inda aiki ya kai uban. Da ya gama sakandare bai nemi jami'a ba, sai ya ce shi ɗaukar hoto yake so ya koya. Ya shiga shagon masu hoto a matsayin yaron shago, sana'ar ta kai shi Simla, daga can ta kai shi Lahore, wadda a lokacin take da nata kamfanonin fim masu ƙarfi. A Simla ma ya taɓa shiga wasan daɓe na addininsu, inda ya fito a mace, wato Sita, shi kuwa Madan Puri, wanda shi ma daga baya ya zama sanannen mugu a fim, ya fito a mijinta.

A Lahore ne wani marubucin fim mai suna Wali Mohammad Wali ya hango shi a bakin rumfar mai sayar da ganyen pan da suke taunawa, ya ga tsayuwarsa da idanunsa sun yi daidai da mugun da yake nema a labarin da ya rubuta wa kamfanin Dalsukh Pancholi. Fim ɗin shi ne Yamla Jat, da harshen Punjabi, ya fito a 1940 ya kuma samu karɓuwa. Shekara biyu bayan haka, a Khandaan na 1942, Pran ne jarumi, jarumar kuwa Noor Jehan ce, wadda daga baya ta zama babbar mawaƙiyar Pakistan, a lokacin tana yarinya ƙarama. Kafin 1947 ya yi fina-finai sama da 20 a Lahore, ya yi aure, ya samu ɗa, yana da gida da suna.

Sai rabuwar Indiya da Pakistan ta zo a watan Agusta na 1947. Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan, kashe-kashe suka ɓarke, shi kuwa da iyalinsa ba su sake komawa gidansu ba, suka sauka Bombay hannu rabbana. A can babu wanda ya damu da cewa shi wani ne a Lahore. Ya yi watanni yana zagaya kamfanoni ba aiki, suna tashi daga otal mai tsada zuwa mai araha, har sai da marubucin nan Saadat Hasan Manto da ɗan wasa Shyam suka yi masa hanya a kamfanin Bombay Talkies. Fim ɗin da aka sa shi a ciki shi ne Ziddi na 1948, wanda shi ne kuma ya ɗaga Dev Anand. Daga ƙofa ɗaya suka shiga, ɗaya ya fita jarumi, ɗaya ya fita mugu, kuma kusan shekara 20 ke nan Pran ya yi yana cutar duk wani jarumi da Indiya ta yi ji da shi: Dilip Kumar a Madhumati na 1958, Raj Kapoor a Jis Desh Mein Ganga Behti Hai na 1960, Shammi Kapoor a Kashmir Ki Kali na 1964, da wasu da yawa da ba zan iya lissafa maka ba.

Wannan ne dalilin da dattawan unguwarku suke ce masa bos, kuma ba su yi laifi ba. Mu da muke zuwa Plaza da Eldorado da Marhaba, muna zaune a fili sama ba rufi, babu mai fassara mana ko kalma ɗaya, da ido muke gane wane ne wane. Jarumi sai ya yi waƙa ko ya yi dambe kafin a san matsayinsa, amma shi Pran da zarar kyamara ta hau fuskarsa, ya ɗan karkace kai ya runtse ido ɗaya cikin hayaƙin sigari, sai ka ji silima ta ɗauki tsaki da zagi tun bai buɗe baki ba. Akwai wani mai sayar da tsire da muke zama kusa da shi, wanda duk lokacin da Pran ya yi murmushi sai ya ce, “Shi ke nan, yarinyar nan ta shiga uku,” kuma bai taɓa kuskurewa ba. A can Indiya ƙiyayyar ta kai har ana ba da labarin cewa iyaye sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunansa na tsawon shekaru.

A kan ainihin tambayarka, ni ina ganin zaɓinsa ne. Ya sha faɗa a hira cewa shi ba ya jin daɗin bin mace yana waƙa yana zagaya bishiya, wanda kuwa shi ne rabin aikin jarumin Indiya. Kuma idan ka duba da kyau, cinikin da ya yi bai faɗi ba. Jarumi yana da shekarunsa ƙididdigaggu, da tumbi ya fito ko gashi ya fara zubewa sai a nemo wani yaro, amma Pran ya fara a 1940 yana kuma aiki har ƙarshen shekarun 1990, ya fito a fina-finai sama da 350, ya binne zamanin jarumai uku ko huɗu yana nan daram.

Uwar Biyu, Damagaram:

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru ƙwarai da wannan tarihi. Sai dai a yi mini afuwa, ban gamsu da cewa zaɓi ne tsagwaronsa ba. Mutumin da ya sauka Bombay da mata da jinjiri, aljihu ya ƙare, ba ya cikin halin da zai ce wannan nake so, wancan ba na so. Abin da aka miƙo masa shi ya karɓa, da ya yi shi da kyau kuma sai masu zuba kuɗi suka rufe shi a ciki, domin furodusa ba ya son gwaji da dukiyarsa, abin da ya kawo riba jiya shi yake so a maimaita masa yau. Maganar ƙin waƙa da rawa na yarda ya faɗa, amma ɗan Adam yakan sami hujja mai daɗi ga hanyar da ƙaddara ta riga ta ɗora shi a kai.

Kuma kada son da muke yi masa ya hana mu faɗin gaskiya: da yawa daga cikin fina-finan da ya yi tsakanin 1950 da 1966 rawa ɗaya ce ake canza mata riga. Ga kwat, ga sigari, ga kwalba, yana son jaruma ba ta son sa, yana kuma harin gadon mahaifinta. Abin yabo a gare shi shi ne yadda ya riƙa nemo wa wannan tsohuwar rawa sabuwar fuska, amma rubutun da ake ba shi bai cika taimaka masa ba.

Wanda ya fitar da shi daga wannan keji shi ne jarumi kuma darakta Manoj Kumar. Tun a Shaheed na 1965, labarin ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya Bhagat Singh, Pran ya fito a wani fursuna mai jiran rataya, Kehar Singh, ɗan gajeren matsayi amma mai taɓa zuciya, kuma a nan ne aka fara ganin cewa mutumin nan zai iya sa a tausaya masa. Da Manoj Kumar ya zo ba da umarni a Upkar na 1967 sai ya ba shi Malang Chacha, wani gurgu mai dogara sanda a ƙauye, mai ɗacin baki amma mai gaskiya, ya kuma ɗora masa waƙar da ta fi kowace nauyi a fim ɗin, wadda Manna Dey ya rera. An ruwaito cewa masu kiɗan, Kalyanji da Anandji, da farko ba su so ba, suna tsoron kada mugun fim ya ɓata musu waƙa. Fim ɗin ya fito, waƙar ta zagaye ƙasa, Pran ya karɓi kyautar Filmfare ta gwarzon mataimakin jarumi. Ɗan Gwammaja, ka lura da shekarar: 1967 ce, wato shekarar da ya yi azzalumin mai bulala da ka gani. A cikin shekara guda mutanen Indiya suka tsine masa a silima ɗaya suka yi masa kuka a wata.

Akwai kuma wani abu da Baba ba zai gani ba saboda shi namiji ne. Mu mata ba ma zuwa silima, domin a lokacinmu yarinyar da aka gani a can ta ja wa gidansu magana. Mun san fim ɗin Indiya ne ta talabijin da kaset ɗin bidiyo, a ɗakin maƙwabciya, kuma abin da ya iso mana yawanci na shekarun 1970 ne zuwa sama. Saboda haka ni Pran da na fara sani uba ne, ba bos ba. A Amar Akbar Anthony na 1977 shi ne Kishanlal, direban da ya ɗauki laifin maigidansa Robert ya tafi kurkuku bisa alkawarin za a kula masa da iyali, ya fito ya tarar da matarsa ba lafiya, 'ya'yansa uku cikin yunwa. Ya je neman haƙƙinsa, maigidan ya tsiyaya giya a kan takalminsa ya sa shi ya durƙusa ya goge, sannan ya jefa masa tsaba. Ba zan manta da yadda ɗakin da muke kallo ya yi tsit ba, har wata gwaggonmu ta tashi ta fita tana cewa ba za ta iya ganin wulaƙancin magidanci ba. Shekaru bayan nan a cikin labarin, da arziki ya juya, Kishanlal ya sa Robert ya goge nasa takalmin, kuma a nan sai ka ga tsohon bos ya leƙo ta cikin idon uban, ka gane dalilin da ya sa aka ba shi matsayin ba wani ba. Fim ne mai manyan jarumai uku, Amitabh da Vinod Khanna da Rishi Kapoor, amma duk tsallensu da waƙoƙinsu a kan labarin wannan direba aka rataye su.

Haka kuma a Parichay na 1972, na darakta Gulzar, ya fito a kaka mai tsananin da jikokinsa ke tsoro, wanda a ƙasan zuciyarsa nadamar korar ɗansa ke cinsa. Wannan shi ne aikinsa da na fi so, domin babu ihu a ciki, babu bindiga, sai dattijo mai taurin kai da bai iya neman gafara ba.

Ɗan Gwammaja:

Baba da Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na fahimci dalilin da kowannenku ya san shi ta fuska daban. Abin da ya rage mini shi ne batun sana'ar kanta: ta yaya mutum ɗaya yake sauya kamanni haka har a kasa gane shi, alhali jaruman da muke yabo kusan kullum su ne dai su a kowane fim? Sannan na ji ana cewa akwai lokacin da ya fi jarumi kuɗin aiki, ban sani ba ko zuzutawa ce irin ta masoya.

Mai Kyamara, Jos:

Ƙanena, bari in sa baki a nan tunda ɗaukar fim ce sana'ata, ko da yake ban kai su Baba daɗewa a kallo ba. Sirrin Pran ba a ɓoye yake ba, aiki ne da yawancin 'yan wasa suke ƙyashin yi. Kafin ya hau kowane matsayi yakan zauna ya tsara mutumin tun daga gashi da gemu da sutura har zuwa wata 'yar ɗabi'a guda da za a riƙa gane shi da ita, kuma an san shi da yanko hotunan fuskoki daga jaridu yana adanawa domin ranar da zai buƙaci irin wannan gashin baki ko irin wancan aski. Ni a ganina shekarun da ya yi a shagon hoto ne suka koya masa haka, domin mai ɗaukar hoto ya san cewa ɗan karkata haɓa kaɗan yana mayar da fuskar mutum ta wani.

Ka ɗauki Raka, ɗan fashin da ya fito a Jis Desh Mein Ganga Behti Hai. A duk tsawon fim ɗin yana yawan kai hannu yana shafa maƙogwaronsa, kamar wuyan riga ya matse shi. Ba a rubuce yake a labarin ba, shi ya kawo, kuma hujjarsa ita ce abin da ɗan fashi ya fi tsoro a duniya shi ne igiyar rataya, don haka ko bai sani ba hannunsa zai riƙa zuwa wurin. Da wannan motsi guda ya gaya maka cewa mutumin da kowa ke tsoro shi ma a tsorace yake kwana. Tun a Bari Behen na 1949 ya fara irin wannan dabara da zoben hayaƙin sigari da yake busawa, wanda ya daɗe yana bin sa. A Don na 1978 kuwa ya fito a Jasjit, mai tafiya a kan igiya a gidan wasa wanda harbi ya bar shi da ɗingishi, kuma ɗingishin bai taɓa sauya ƙafa ba ko ya ɓace a wani fage, abin da duk wanda ya taɓa tace fim ya san ba ƙaramar kula yake buƙata ba idan ana ɗaukar fim a tsinke cikin watanni.

Amma fagen da nake so ka koma ka sake kallo yana cikin Zanjeer ɗin da ka riga ka gani, wato haɗuwarsu ta farko a ofishin 'yan sanda. Sher Khan ya shigo da isa, ya jawo kujera zai zauna ba a ba shi izini ba, sai sufeto Vijay ya sa ƙafa ya shure kujerar, ya gaya masa cewa nan caji ofis ne ba gidan ubansa ba. Yanzu muna kallon wannan fage ne bayan mun san wane ne Amitabh, shi ya sa ba ma ganin haɗarin da ke ciki. A 1973 Amitabh wani dogon yaro ne da fina-finansa suka yi ta faɗuwa, kuma manyan jarumai irin su Dev Anand da Raaj Kumar ba su karɓi matsayin ba kafin darakta Prakash Mehra ya kai gare shi. Wanda ke tsaye a gabansa kuwa mutum ne da 'yan kallo suka yi shekara 25 suna jin tsoronsa. Da wani ƙaramin ɗan wasa aka shure wa kujera, babu abin da zai faru a zuciyar kowa. Da yake Pran ne, kuma ya tsaya ya ƙare wa yaron kallo irin na wanda ya gamu da daidai da shi maimakon ya yi hargagi, sai 'yan kallo suka yarda cewa lallai wannan sufeto namiji ne. Kwarjinin da ya tara tun daga Lahore ne ya ara wa Amitabh a wannan minti, kuma da shi aka buɗe zamanin jarumi mai fushi da ya mamaye shekarun 1970. Daga nan sun yi fina-finai fiye da 10 tare.

Wannan ne ya kawo mu batun kuɗi, kuma ba zuzutawa ba ce. A Zanjeer sunan Pran ne ya fi na jarumin nauyi a kasuwa, kuma a cikin shekarun 1970 yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa tsada a Bombay, domin masu rarraba fim sun san cewa jarumi yana iya tashi ko ya faɗi, amma akwai jama'ar da za su shiga silima saboda shi. Har a jerin sunaye an ware masa wuri: bayan an gama lissafa kowa sai a rubuta nasa shi kaɗai a ƙarshe. A Victoria No. 203 na 1972 ma, shi da Ashok Kumar ne suka fito a wasu tsofaffin 'yan damfara biyu masu ban dariya, kuma su ne fim ɗin, saurayi da budurwar da aka sa a ciki kusan rakiya suka yi.

Abin da yake damuna, idan an yarda in ɗan waiwayo gida, shi ne mun kwaso waƙa da rawa da soyayyar mutum uku daga Indiya, amma ba mu kwaso wannan darajar da suke ba wa mai fitowa a uba ko a mugu ba. Na sha zama a wurin ɗaukar fim inda aka yi mako ana tsara kayan da jaruma za ta saka, shi kuwa dattijon da zai fito a mahaifinta sai da safiyar ranar aka kira shi a waya, aka ce ya taho da babbar rigarsa, aka karanta masa maganarsa a tsaye, aka ɗauki duk fitowarsa kafin la'asar. Muna da dattawa masu baiwar da ba ta gaza ta kowa ba, amma ba a rubuta musu mutum, jawabi kawai ake rubuta musu, sannan a dawo ana mamakin yadda jarumi ya kasa yin nauyi a idon mai kallo.

Tsohon Ɗan Kallo, Fagge:

Mai Kyamara, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da muka daɗe muna ji a jikinmu ba mu iya tsara shi ba. Hajiya kuma na karɓi rabin gyaranki, wato cewa yunwa ce ta fara zaɓa masa hanya a 1948. Amma bayan Upkar, lokacin da yake da ikon cewa a rubuta masa duk abin da ya ga dama, bai ce a mayar da shi tauraro shi kaɗai ba, ya ci gaba da karɓar mugu yau, aboki gobe, uba jibi, kuma wannan babu wanda ya tilasta masa.

Akwai abubuwa biyu na halinsa da bai kamata a rufe zancen nan ba a ambata ba. Na farko, da aka ba shi kyautar Filmfare saboda Be-Imaan na 1972, ƙin karɓa ya yi, domin a ganinsa an zalunci marigayi Ghulam Mohammed, mai kiɗan Pakeezah, da aka hana shi kyautar kiɗa aka ba Shankar da Jaikishan. Abin lura shi ne fim ɗin da aka fifita a kan Pakeezah shi ne Be-Imaan ɗin da shi kansa ya fito a ciki, wato nasa ya ƙi goyon baya saboda wani da ya riga ya rasu tun 1968. Na biyu, lokacin da Raj Kapoor ya karye bayan faɗuwar Mera Naam Joker, ya zo shirya Bobby na 1973 ba shi da kuɗin biyan Pran, an ruwaito cewa rupi ɗaya ya karɓa ya sa hannu.

Yaran yanzu idan aka ce bos sai su ce Amjad Khan a Sholay ko Amrish Puri a Mr. India, kuma ba na musun cewa Gabbar Singh, mugun da Amjad Khan ya fito a matsayinsa a Sholay, ya fi duk wani mugu guda da Pran ya taɓa fitowa a ciki tsayawa a rai. Sai dai Amjad Khan har ya bar duniya inuwar Gabbar ba ta sake shi ba, shi kuwa Pran babu wani matsayi ɗaya da ya cinye shi. Ciwon zuciya ne ya rage masa aiki daga 1998, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Bhushan a 2001, ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta dā, ranar 12 ga Yuli 2013 yana da shekara 93. Ɗana, idan za ka ci gaba da kallo, ka fara da Madhumati, kada baƙi da farin hotonsa ya kore ka, domin a nan za ka ga Pran ɗin da mu muka sani.

Uwar Biyu, Damagaram:

Baba bai ambaci kyautar Dadasaheb Phalke ba, wadda ita ce mafi girma a harkar fim ta Indiya, kuma ina zargin ɓacin rai ne ya hana shi. Sai a 2013 aka ba Pran, lokacin da jiki ya riga ya ƙi har bai iya zuwa Delhi karɓa ba, minista ne ya kai masa gida a watan Mayu, wata biyu kafin rasuwarsa. Raj Kapoor da Ashok Kumar da Dilip Kumar da Dev Anand da suka yi aiki tare duk sun karɓi tasu shekaru da yawa kafin nan, na ƙarshensu ma ya riga shi da kimanin shekara 10. Wannan jinkiri shi ne hujjata a kan Baba cewa ko da Pran ya gamsu da wurin da ya tsaya, masu rabon girma ba su taɓa daina kallon wurin a matsayin na biyu ba.

Ɗan Gwammaja, ni shawarata ta saɓa wa ta Baba: tunda ka riga ka ga bulalar Ram Aur Shyam, Upkar ya kamata ka nema yanzu, ka kalle su kusa da kusa tunda shekararsu ɗaya, daga baya ka koma wa Madhumati.